Takara da Mamaci

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa: shekara ashirin da biyu ina karɓar albashin mai rubuta wa Dokta Aristeu Bezerril jawabi, amma jawabin bakin kabari guda ɗaya tak na taɓa rubutawa. Suna kawai nake canzawa. Idan mace ce in ɗan gyara nan da can. Sau ɗaya na yi gaggawa, Dokta ya tsaya a kan wani mahaucin awaki mai gashin baki ya kira shi uwa ga marayu, kuma babu wanda ya ɗaga kai. A ranar na gane irin baiwar da Allah ya yi mini.

To, safiyar Alhamis ɗin nan ina zaune a barandar gidan Dokta da takardar a kan gwiwata. Na soke sunan wata tsohuwa da muka binne ranar Litinin, ina rubuta Nicanor Tavares a samansa, sai motar lasifika ta sake wucewa. Shekaranjiya waƙar kamfen ɗin Nicanor take zubawa. Yau sanarwar mutuwarsa take yi, da muryar mutum guda, cewa za a ɗauki gawa ƙarfe huɗu na yamma daga gidansa da ke bayan kasuwa. Zuciyarsa ce ta tsaya jiya da hantsi, yana tsaye a kantinsa yana auna wa wata mata maganin tari. Saura kwana uku zaɓen magajin gari, kuma shi kaɗai ne abokin takarar Dokta.

Dokta yana ciki yana karyawa da dambun masara da madara da baƙin kofi. Shekararsa tamanin da uku. Bai taɓa riƙe allura ba, amma a garinmu, Juá Velho, duk wanda ya iya jure kwat a cikin rana Dokta ne. Ya shiga siyasa kansila, ya yi magajin gari sau shida, ya je majalisar jiha sau uku. Duk lokacin da doka ta ce ya sauka ya huta, sai ya ɗora surukinsa ko wani ɗan baffansa su ɗumama masa kujera. Har marigayiya matarsa, Dona Iracema, ta yi shekara huɗu tana mulkin garin, ta sauka ba ta san inda ake ajiye makullin ofis ba.

Wasu da kwalta suke neman ƙuri'a, wasu da rijiya. Dokta da gawa yake nema. Shekara hamsin da ɗaya babu jana'izar da aka yi a ƙaramar hukumar nan bai je ba, ko da a bayan tsauni ce, ko da a kan jaki zai ƙarasa. Akwatin gawa hannu shida gare shi, kuma na gaba a dama nasa ne, har masu haƙa kabari sun sani. A bakin rami kuma sai ya yi jawabi. Yakan ce mini, “Genival, mamaci ba ya zaɓe, amma yana barin 'ya'ya.”

Nicanor ya kara da shi sau shida, ya sha ƙasa sau shida. Wannan ne karo na bakwai. Saboda su biyun garin ya rabu gida biyu tun kafin a haife ni: mu 'yan Kwaɗo, su 'yan Ungulu. Muna da mai askinmu, suna da nasu. A coci mu dama, su hagu. Mahaifiyata ta gwammace ta kwana da ciwon haƙori da ta shiga kantin Nicanor.

Ƙarar takalmi na ji, sai ga Marluce, 'yar Dokta, lauya ce a babban birni, ita ke tafiyar da kamfen ɗin bana. Waya biyu a hannu ɗaya. Ta wuce ni kamar tukunyar fure, sannan ta tuna, ta juyo.

“Genival, taso. Kai ma maganar ta shafe ka.”

Na bi ta ciki. Dokta bai ɗago ba, yana bin sauran dambu da cokali.

“Baba, na fito daga wajen alƙalin zaɓe. Jam'iyyarsu ta sa Dona Zuleide a madadin mijinta.”

“Zuleide? Wadda ba ta iya gaishe da mutum ba?”

“Ba ita za su gani ba. An riga an rufe na'urorin zaɓe, an buga musu hatimi. Ranar Lahadi duk wanda ya danna lambarsu, fuskar Nicanor ce za ta fito masa, da wannan murmushin nasa na mai tallan maganin tsutsa. Ƙuri'ar kuma ta matar ce.”

Dokta ya ajiye cokali. “Wato ya mutu amma bai janye ba.”

“Bai janye ba.”

“Halinsa ke nan.”

Marluce ta ja kujera ta zauna daf da shi. Ta ce lissafinta na jiya ya nuna muna gaba da ƙuri'a wajen ɗari shida, a cikin dubu tara. Ta ce ɗari shida ba su da yawa idan gari ya shiga jin tausayi. Abin da muke bukata shi ne kwana uku na shiru, kada wani abu ya faru, kada kowa ya tuna komai.

“Don haka yau ka zauna a gida. Mu aika furanni, mu ce hawan jini ya tashi.”

“Jinina lafiyarsa lau.”

“Na sani. Ni zan tayar da shi a rubuce.”

“Marluce, ranar da aka haife ki ina ƙauyen Serra Branca ina binne wani makiyayi da ban taɓa gani ba. Uwarki ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba. Yau kuma Nicanor ne za a sa a rami a ce ba na nan? Cewa za su yi tsoronsa na ji.”

“Gawa ce, Baba.”

“Shi ya sa abin zai fi zama abin kunya.”

Ta san shi. Ta san wannan ne zaɓensa na ƙarshe, kuma ya sha faɗa cewa daga ofis yake so a ɗauke shi zuwa coci, ba daga lilon baranda ba. Ta kuma san zai je ko da ta ɓoye masa takalma. Ta juya wayoyinta, sannan idonta ya sauka a kan takardar da ke hannuna.

“Wannan ce? Ta kullum?”

Na ce ita ce, amma na ɗan sake mata fasali.

“Kar ka sake mata komai.” Ta karɓa ta duba sama-sama. “Madalla. Baba, ka je. Ka riƙe hannun akwatinka. A bakin kabari ka karanta wannan, daga farko har ƙarshe, kada ka ƙara ko wasali. Shekara ashirin ana karanta takardar Genival a garin nan, ba ta taɓa motsa ko kare ba.”

Na ce na gode. Shi ne yabo mafi girma da wani daga gidan ya taɓa yi wa aikina.

“Ka yi mini alkawari, Baba.”

“Na yi.”

“Da baki ɗaya, ba irin na kamfen ba.”

“Yarinyar nan ba ki da kunya,” in ji Dokta, ya miƙa mini kofinsa in ƙaro masa kofi.

Ƙarfe uku da rabi muka sauka daga mota a bakin kasuwa, don titin gidan Nicanor ya cika maƙil. Dokta ya sa baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza, wadda gwiwar hannunta ta fara ƙyalli. Ni ina bayansa da takarda a aljihu da laima a hannu. Marluce tana gefe cikin baƙin tabarau.

Shekara talatin rabon da ɗan Kwaɗo ya taka wannan titi da rana tsaka. Mutane suka dare mana hanya, ba don girmamawa ba, irin yadda ake dare wa motar kwasar shara. Wani daga kan dakali ya ce, “Ga shi nan, ya zo ya tabbatar.” Wani ya amsa, “A duba aljihunsa, kar ya tafi da ƙuri'ar mamacin.” Dokta yana tafe yana gyaɗa kai dama da hagu, yana kiran kowa da sunansa da sunan ubansa, har da waɗanda suka yi maganar. Ya binne iyayen dukkansu.

A falo aka ajiye akwatin, a kan kujeru biyu, kyandir huɗu a kusurwoyi. Mata suna jan addu'a, ana zagayawa da kofi da biskit a faranti. An rufe Nicanor da fararen furanni har wuya, hancinsa kawai ya fito yana nuna rufi, kamar har yanzu yana da abin cewa. Dona Zuleide tana zaune wajen kansa, ƙaramar mace busasshiya, malamar lissafi ce da ta yi ritaya. Rabin garin ta koyar, sauran rabin kuma sun ji labari.

Dokta ya tsaya a gabanta ya ɗan rusuna. “Dona Zuleide, Allah ya ba da haƙuri.”

“Aristeu,” ta ce. A duk faɗin jihar ita kaɗai ke kiransa haka, ba Dokta ba komai. “Ka rame.”

“Shekaru ne.”

“Ya ce za ka zo. Tun bara ya ce mini, in na riga shi, zai zo, ki ba shi kofi mara sukari.”

Aka kawo masa kofi mara sukari. Ya shanye a tsaye, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Da Fada, limamin coci, ya gama addu'a aka rufe akwatin, sai babban ɗan Nicanor, wani ƙato mai sayar da kayan babur, ya yi sauri ya kama hannun gaba na dama. Ya tsaya yana kallon Dokta. Marluce ta taɓa hannun ubanta a hankali, na ga alamar murna a gefen bakinta, don in aka hana shi sai mu koma gida da mutuncinmu da ƙuri'unmu.

“Sake masa,” in ji Dona Zuleide.

“Mama, wannan mutumin...”

“Na san ko wane ne, na riga ka saninsa. Shekara hamsin ubanka yana ɗauke da shi. Bari shi ma ya ɗauka ya ji.”

Daga gidan zuwa makabarta tafiyar minti ashirin ce ga mai lafiya, kuma hawa ne. Rana ba ta yi sanyi ba. A al'ada Dokta yakan riƙe hannun har kwanar coci, inda masu hoto suke, sannan ya sakar wa wani. Yau muka wuce kwanar coci bai saki ba. Muka wuce gidan mai, muka wuce famfon unguwar Alto mai ɗauke da allon tagulla da sunansa, bai saki ba. Akwatin ya karkata ta wajensa, har na ji Nicanor ya ɗan zame a ciki. Na matsa da laimata.

“Ranka ya daɗe, kawo in karɓe ka.”

“Kai da ko jawabi ba ka iya ɗauka?” ya ce, yana haki. “Riƙe laimarka.”

Na waiwaya, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. 'Yan Kwaɗo sun fito. Sun ji Dokta yana ɗauke da Nicanor, sun rufe shaguna sun biyo baya, suna tafiya a ɗaya gefen titi. Kafin mu kai ƙofar makabarta, duk wanda ke da ƙafa a Juá Velho yana wurin. Marluce ta cire tabarau ta dubi taron ta mayar.

Aka ajiye akwatin a kan katako biyu a bakin rami. Fada ya yayyafa ruwa. Daga nan kowa ya juya ya dubi Dokta, har da 'yan Ungulu, don jiki ya saba: bayan ruwa sai Dokta. Na miƙa masa takardar da tabaransa na karatu. Ya karɓa, ya buɗe ta.

“'Yan'uwana mutanen Juá Velho,” ya fara. “Yau wata babbar bishiya ta faɗi, tsuntsaye sun rasa wurin sauka.”

Nan take na ga aikina ya fara ci. Kafaɗu suka saki. Wani ya duba agogo. Masu haƙa kabari suka jingina da shebur. Marluce ta sauke numfashi. Na ji wani ɗan alfahari, ba zan ɓoye ba.

“Mun yi rashin amini na gaskiya, mai kawar da kai, wanda bakinsa bai taɓa furta mugun abu a kan kowa ba...”

“Aristeu.”

Ba ta ɗaga murya ba. Muryar aji ce, wadda ke kaiwa bencin ƙarshe ba tare da wahala ba.

“Wannan ka karanta wa uwata. Ita ka karanta wa ƙanena, da bishiyar da tsuntsayen duka. Ban ce komai ba, don su ba su dame ka ba.” Ta nuna akwatin da haɓa. “Wannan kuwa, duk Asabar sai ya shiga gidan rediyo ya zage ka, shekara arba'in, kuma bai taɓa maimaita zagi ba. A teburin cin abincina yake zama ya tsara su. Mutumin da ya yi maka wannan hidima, da kwancen jawabi za ka sallame shi?”

Kai dubu uku suka juyo, ba wajen Dokta ba, wajena. Ban san duk garin ya san ni ne ba. Na gyara riƙon laima na dubi wani kabari da ke can gefe kamar na san mai shi.

Dokta ya daɗe yana kallon takardar. Marluce ta ce a hankali, “Baba, ci gaba. Ka yi alkawari.” Ya cire tabarau, ya ninke takardar gida huɗu, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

“Gaskiyarki, Zuleide. Bakinsa bai taɓa furta alheri a kaina ba. Amini kuma, Allah ya kiyaye.”

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a makabarta, ta hanci.

“Ya kira ni kwaɗon da ya shanye tabki ya ce fari ne. Ya kira ni ɓarawo, na ƙirga har na gaji, ya fi sau dubu.” Ya ɗan tsaya. “Sau biyu ya yi gaskiya.”

Marluce ta rufe ido. A matsayinta na lauya, ina jin lissafin shekarun da suka wuce take yi.

“Kun wuce famfon Alto yanzu. Kun ga sunana a jiki. Shekarar babban fari, da muke sayen ruwa a bayan jaki, mutumin nan ya zana hanyar bututu daga dam har cikin gari a bayan kwalin magani. Ya kawo majalisa. Na ce ya haukace, na sa aka yi masa ihu. Da ya fita, na ɗauki kwalin daga ƙasa. Bayan shekara biyu na kai shi babban birni a cikin jakata. Yana nan a durowata har yau, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza.”

Wayoyi suka fara tashi sama ɗaya bayan ɗaya.

“Asibitinmu kuma. Kuna cewa Dokta ya kawo likita. Likita ba ya son zuwa nan, wa zai so? Nicanor ne yake ɗaukar kujera duk Litinin ya zauna a ƙofar asibiti da littafi, ya rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, ranar Asabar ya karanta a rediyo har da sunan uwar mutum. Ni tsoron Asabar nake ji. Duk abin kirkin da na yi muku, ku duba da kyau, za ku ga ranar Juma'a na yi shi.”

Yanzu babu mai duba agogo. Na sha jin Dokta yana magana, a kan mota, a kan tebur, sau ɗaya a kan tankin ruwa. Ban taɓa jin wannan muryar ba. Ta yi ƙasa, ta bushe, kamar yana ba da umarni a kicin.

“Da Iracema ta kwanta ciwonta na ƙarshe, akwai wata allura da babu ita a duk yankin nan. Ina majalisa a lokacin, ina jawabi a kan kiwon lafiya. Mutumin nan ya rufe kantinsa, ya tuƙa tsohuwar motarsa awa shida zuwa, awa shida dawowa, da allurar a cikin kular ƙanƙara a kan cinyarsa. Ta ƙofar baya ya shiga gidana. Ya ce mata kada ta faɗa mini. Ta faɗa mini, mana, Iracema ce.” Ya goge bakinsa da bayan hannu. “Ban yi masa godiya ba. Zaɓe ya kusa a lokacin. Da zaɓe ya wuce, sai wani ya kusa.”

A gefen 'yan Kwaɗo wata mata ta fashe da kuka. Na duba, ƙanwar mahaifiyata ce, wadda ko inuwar kantin Nicanor ba ta yarda ta taka. Babban ɗan mamacin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Dona Zuleide kaɗai ce idonta a bushe, tana gyaɗa kai kaɗan-kaɗan kamar ɗalibi ya kusa kaiwa ga amsa.

Da a nan ya tsaya, wataƙila da an sha. Amma Dokta bai taɓa ganin taro yana kuka ya sauka ba. Ya ɗaga hannu.

“Sau shida ya roƙe ku kujerar nan. Sau shida kuka hana shi, kuma ni na sa ku. Garin nan bai taɓa samun wanda ya fi shi cancanta ba, ni ne shaida, don ni na fi kowa saninsa. Yanzu ga shi nan. Kun makara, na makara. Ko kuna so ku ba shi, babu sauran hanya.”

Makabartar ta yi shiru. Wani irin shiru ne, ba na baƙin ciki ba. Irin na mutane da yawa da tunani guda ya faɗo musu a lokaci guda, kowa yana satar kallon na kusa da shi. Marluce ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, kamar an taka kyanwa a nesa.

“Sauka lafiya, ɗan banza,” in ji Dokta ga akwatin. “Ka bar ni da Asabar babu abin saurare.”

Ya duƙa da ƙyar, ya ɗebi ƙasa ya watsa. Aka zura igiya. Dona Zuleide ta zo wucewa ta gabansa, ta tsaya.

“Ka ga? Da ka ga dama kana iyawa.”

“Kofinki babu daɗi, Zuleide.”

“Haka aka yi nufi.”

Mun fi rabin awa kafin mu kai mota, wadda aka kawo mana ƙofar makabarta. Kowa yana so ya taɓa shi. 'Yan Ungulu da suka yi shekara talatin ba su gaishe shi ba suna rungume shi suna jiƙa masa kwat. Wani tsoho ya sumbaci hannunsa ya ce, “Dokta, yau ka buɗe mana ido.” Dokta ya ce ai aikinsa ke nan.

Ni na ja motar. Marluce tana gaba, wayoyinta biyu suna ta ƙara a cinyarta, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Daga wayar hagu na ji muryar Dokta tana fitowa, wani ya riga ya turo bidiyon jawabin: sau biyu ya yi gaskiya. Ta kife ta.

Dokta yana baya, ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. Ƙarfen akwatin ya bar masa jan layi daga wannan gefe zuwa wancan.

“Yana da nauyi,” ya ce. “Mutum siriri haka.”

Muka wuce famfon Alto, mata sun dawo sun jera bokitai, biyu daga cikinsu sun tsaya suna karanta allon tagullar kamar yau aka kafa shi.

“Baba,” in ji Marluce, ba ta juya ba. “Ka san abin da ka yi?”

“Na karya alkawari. Ki kai ni kotu.”

“Ba shi nake nufi ba.”

Ya gyara zama, ya ɓalle maɓallin wuya. Na gan shi ta madubi, launin fuskarsa ya dawo, har ya fi na safe.

“Ke birni ya lalata ki, lissafi kawai kika sani. Kin ga yadda suka yi kuka? Har 'yan Ungulu! Shekara talatin ina neman hanyar shiga titin bayan kasuwa, yau da ƙafata na shiga, da hawayensu na fito. Ɗari shida kika ce? Ki rubuta dubu da ɗari biyar. Genival, ƙarya na yi?”

Na ce a gaskiya ban taɓa ganin jawabi ya shiga mutane haka ba. Wannan kam ba ƙarya na yi ba.

“Ka ji. Ni na san jama'ata.” Ya jingina ya lumshe ido. “A soke taron yamman nan. Me kuma zan ƙara? Zaɓe ya ƙare.”

Ranar Lahadi na je da wuri na yi layi a makarantar firamare, kamar kowa. Layin ya yi tsawo, kuma babu hayaniya. Mutane suna shiga bayan ɗan kwalin da ke kare na'urar zaɓe su daɗe fiye da yadda aka saba, wasu su fito suna share ido. Kafin a yi kiran addu'ar yamma a coci an manna sakamako a ƙofar ofishin zaɓe.

Nicanor Tavares ya kayar da Dokta Aristeu da ƙuri'a ɗari takwas da goma sha ɗaya, kwanansa uku a ƙasa.